Bakin Iya

Kwalin kifin ya iso ranar Talata da hantsi, kuma tun kafin mai babur ya kwance igiyar da ya ɗaure shi, ƙamshin banda ya riga shi shiga gida. Idan a Haɗejiya ka tashi ba sai na kwatanta maka ba: hayaƙi ne da man tarwaɗa, da ɗan ƙaurin ƙaiƙayin shinkafa can ƙasa-ƙasa. 'Yar baffana ce ta aiko, kamar yadda ta saba duk shekara in ruwa ya fara ja da baya. A jikin kwalin akwai rubutun Turanci da baƙar tawada, irin wanda take yi wa masu sayen kayanta na Kudu. Kalmomi biyar ne, biyu a karkace. Ban ce na gode ba, ban ce Allah ya saka da alheri ba, sai ji na yi hannuna ya nufi jaka neman jan biro.

Ni malamar Turanci ce, shekara ashirin da ɗoriya ina wannan aiki, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai kalmomin da in na ji an taka su sai in ji kamar yatsana aka taka. Mutum ya zo neman aro, ya ce maka "borrow me", alhali a Turanci mai karɓa da mai bayarwa kowa da kalmarsa. Wani ya juya maka ƙeya yana tafiya, yana ce maka "I am coming". Wani kuma shi kaɗai tilo ya miƙe a taro ya ce "my names are", sai ka ce su uku ne a cikin rigar. A rediyo ina ji, a asibiti ina ji, a wajen biki a bakin mai riƙe da lasifika ina ji, in yi ta gyarawa a zuci har abincin ya fita raina. Maigidana yakan ce ko katin gayyata aka kawo mini, sai na ba shi maki kafin in duba ranar bikin.

Na daɗe ina gaya wa kaina son daidai ne ya sa. Ba shi ba ne, ko in ce ba shi kaɗai ba ne. Kishi ne, tsoho tukuf, kuma na san tsakar gidan da ya tsiro, na san ranar.

Gidanmu na ƙuruciya yana gangaren gari wajen kogi, inda in damina ta yi nisa ruwa yakan zo ya tsaya a bayan katanga kamar mai neman iso. Babban gida ne, babanmu da ƙannensa da iyalansu, amma mai gidan ta gaskiya kakarmu ce, mahaifiyar babanmu. Iya muke kiranta. Gajeriya ce, ƙafarta ta hagu tana yi mata ciwo, idanunta kullum jajaye saboda hayaƙi. Sana'arta banda, kuma a unguwar babu wadda ta kama ƙafarta. Murhu uku gare ta na ƙasa a ƙarshen tsakar gida, kowanne da ragar ƙarfe a kai, da rumfar zana a sama.

Da damina aikin yakan yi sanyi. Ruwa ya malale fadama, kifi ya bazu cikin shinkafa da ciyawa, kwaɗi su hana kowa jin maganar kowa, hanyar Auyo ta yanke sai a jirgin ruwa. Amma da ruwa ya fara janyewa, aka fara yankan shinkafa, sai gidan ya koma wani abu daban. Tun da sassafe masunta suke sauke daro-daro a ƙofar zaure, waɗansu daga nan kusa, waɗansu daga can wajen Guri: tarwaɗa tana ta mutsu-mutsu, karfasa, bargi, jefi-jefi da gaiwa. Matan gida su yanka su cire ciki, mu yara mu wanke, amma Iya kaɗai ke lanƙwasa tarwaɗa ta soke wutsiyar a baki da tsinke ta jera a raga. Ba ta yarda da wuta mai harshe. Hayaƙi take so, a hankali, har kwana biyu, tana juyawa tana shinshinawa. Kayan makarantarmu, littattafanmu, har gashin kanmu duk warin hayaƙi suke. A aji 'yan banda ake kiranmu, mu kuwa ko a jikinmu.

Babbar mai sayen kayan Iya wata 'yar kasuwa ce daga Kudu, kowa Madam yake ce mata. Duk mako biyu take zuwa a lokacin kifi, ta kwana a hanya cikin babbar mota, ta sauka ƙafafunta a kumbure. Doguwa ce mai jiki, da jaka ɗaure a ƙugu a ƙarƙashin zane, dariyarta har maƙwabta suke ji. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "nawa" da "ya yi tsada" ba, Iya kuwa ko zo in kashe ki ba ta ji da Turanci. Shekaru suka yi suna ciniki da yatsu, kuma ba su taɓa saɓawa ba.

A wajen Iya akwai ƙa'ida. Baƙo ba ya taɓa kifi sai ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya sha fura, an tambaye shi hanya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɓangaren ne yake damunta game da Madam. "Ciniki yatsu sun isa," in ji ta, "amma mace ta kwana a hanya ta zo gidanka, ka kasa tambayarta yadda ta baro 'ya'yanta, ai ba daɗi."

A hannun daman Iya akwai wata 'yar kujera ta tsugunno, ƙafarta ɗaya a ɗaure da waya. Ba mai zama a kai, ƙwaryar goronta take ɗorawa. Ina aji huɗu, wata rana bayan Madam ta tafi, Iya ta dube ni ina haddar darasi, ta buga kujerar da tafin hannu ta ce, "'Yar boko, ranar da Turancinki ya nuna, nan za ki zauna ki zama bakina."

Wataƙila ita ta faɗa ne ta manta. Ni kuwa na ɗauka na ƙulle a bakin zane. Daga ranar ba ni da aiki sai Turanci. Ina wanke kifi ina maimaita kalmomi, ina ɗebo ruwa ina jera su. Ƙamus ɗin babanmu da bangonsa ya yage na mai da shi abokin hira. Na zo ta ɗaya a aji, na sake zuwa ta ɗaya. Duk zuwan Madam sai in raɓe a jikin ginshiƙin rumfa in shirya jimla a zuci, in duba ta gaba da baya, kafin in gama tabbatar babu kuskure an riga an ɗaure kwanduna. Sai in ce wa kaina ba komai, bai nuna ba tukuna, sai zuwa na gaba.

Ana haka aka kawo 'yar baffana. Mahaifinta, ƙanin babanmu, ɗan sanda ne a wani bariki can Kudu. Matarsa ta rasu, ya ga ba zai iya riƙon 'ya mace shi kaɗai ba, ya kawo ta wajen Iya. Sa'ata ce, watanni ne a tsakaninmu. Siririya mai manyan idanu, Hausarta duk a karye, namiji ta mai da shi mace, mace ta mai da ita namiji, mu yi ta dariya. Na tausaya mata, wallahi na tausaya mata. Na raba tabarmata da ita, na nuna mata yadda ake riƙe tarwaɗa ƙayarta ba ta soke ka ba. Tausayin nan kwana tara ya yi.

Rana ta goma Madam ta zo. Aka shimfiɗa tabarma, aka aiki baƙuwar yarinya da kofin ruwa. Ta durƙusa ta miƙa, sai kawai ta buɗe baki ta saki wani irin Turanci, na bariki, wanda muke kira buroka, ba tsoro ba shiri, kamar ruwa daga indararo. Madam ta ajiye kofin, ta ƙwala ihu, ta rungume ta. Suka yi ta zubawa, Madam tana buga cinya. Yarinyar ta juyo da karyayyiyar Hausarta ta gaya wa Iya cewa 'ya'yan Madam biyar, babbar ta haihu watan jiya, ƙafar kuma tun haihuwar autanta take kumbura in ta daɗe a zaune. Shekara da shekaru Iya tana son jin wannan. Ina tsaye a jikin ginshiƙi da jimlata a baki, ina kallo Iya ta miƙa hannu ta ɗauke ƙwaryar goro daga kan kujerar, ta ajiye a ƙasa.

"Zo nan, bakina," in ji ta.

Ban ci abinci ba ran nan, na ce cikina ke ciwo.

Kada ka ɗauka abin duniya ne ya tsone mini ido, ko da yake shi ma ya taɓa ni. Madam takan zo wa Iya da manja da garin rogo, ta zo wa yarinyar da 'yan kunne, ko takalmin roba mai fure, ko biskit a gwangwani, wanda ita kuma takan raba biyu ta ba ni rabi, abin da ya fi komai ƙona mini rai. Sunan ne yake ci na. "Ina bakina?" "Ku kira mini bakina." Ko ba ranar ciniki ba haka Iya take kiranta, har sauran mutanen gida suka ɗauka. Ni kuwa ina nan a 'yar boko. Na yi ƙyashin dariyarta, na yi ƙyashin yadda ba ta jin kunyar kuskure, har maraicin nata sai da na yi wa ƙyashi, Allah ya yafe mini, don na ga in Iya tana rabon ƙwan kifi ita take fara ba.

Abin haushin kuma, Turancin ba Turanci ba ne! A makaranta tana can ƙasan aji, malaminmu ya cika littafinta da jan biro har ba a ganin rubutun. Sai na buɗe shafi a bayan wani tsohon littafina, duk ranar ciniki in zauna nesa kaɗan in rubuta abin da ta ɓata. Na cika shafi uku. Na kai wa malaminmu, ya duba ya jinjina kai ya ce duk daidai na kama, har ya ɗaga littafin ya nuna wa aji. Da wannan ƙarfin na je na sami Iya tana juya kifi.

"Iya, Turancin da take yi miki ruɓaɓɓe ne. Malam ma ya ce."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Madam tana ganewa?"

"Tana ganewa, amma..."

"To miƙo mini ƙaiƙayin nan, wuta tana son tashi."

A shekara ta biyu da zuwanta ne na yi abin da har yau ban gaya wa kowa ba sai kai. Gwaggonmu da ke aure a Auyo ta aiko mijinta a ba ta yarinya ɗaya ta taya ta aikin shinkafa na kwana uku, kuma 'yar baffana ce ta ce za ta, don ba a sa ran Madam sai mako mai zuwa. Da safiyar tafiyar ina shara a ƙofar gida, wani direba da ya taso daga garin su Madam ya tsaya ya ce in gaya wa Iya ta sauya rana, gobe tana tafe, kuma da baƙi biyu. Na ce to. Na shiga gida na ci gaba da sharata. Ina kallo 'yar baffana ta ɗaure ƙunshin kayanta, har na raka su bakin ruwa, don hanya ba ta gama bushewa ba. Na ga jirgi ya raba ta da gaɓa ya shige tsakanin dogayen ciyayi. Sai da na dawo gida, na sha ruwa, sannan na ce, "Af, Iya, na manta, ɗazu direba ya zo."

Iya ta daɗe tana kallona ta cikin hayaƙi. Ban san abin da ta gani ba. Ta ce, "To, ga ki ga kujerar."

Washegari kayan sallata na sa. Madam ta shigo da mata biyu da ba su kai ta shekaru ba, sababbi a harkar, ta kawo su su ga gidan da take ta yaba musu. Na zauna a kujerar. Ta fi yadda nake zato gajarta, kuma tana girgiɗi saboda ƙafar nan mai waya. Na yi gaisuwar da na shekara biyu ina shiryawa, tsaf kamar daga littafi. Madam ta tafa hannu ta ce wa ƙawayenta ga ƙaramar ticha. Ta tambayi ina 'yarta, haka take kiran 'yar baffana, na ce ta yi tafiya. Fuskarta ta ɗan sauka.

Sai ta fara magana. Jama'a, ashe abin da nake ji daga jikin ginshiƙi wutsiyarsa kawai nake kamawa. Maganar tana zuwa da gudu, a cure, da kalmomin da babu su a ƙamus ɗin babanmu. Iya ta ce in tambaye ta jikarta. Kafin in gama haɗa tambayar Madam ta wuce wani labari, su uku suna dariya, Iya tana kallon bakina tana jira. Na ce, "Ta ce suna lafiya." Iya ta ce, "Duk wannan doguwar maganar?" Zufa ta karyo mini har cikin kayan salla.

Ana cikin haka Madam ta ga igiyar kwandonta ta ƙulle, ta nuna wuƙar da ke gefen Iya ta ce mini, "Borrow me knife." A duk abin da aka faɗa tun safe wannan ne kaɗai na ji sarai daga farko har ƙarshe, kuma yana shafi na ɗaya a littafina. Sai na ji ƙafata ta taka ƙasa. Na gyara zama, na gaya mata da Turancina mai tsabta cewa ba haka ake faɗa ba, "lend" ake cewa. Ta yi dariya ta ce to ticha, ta sake miƙo hannu. Da na tsaya nan, da an wuce wurin. Amma sai na yi abin da malaminmu yake yi mana a aji: na ɗora hannu ɗaya a kan wuƙar, na ɗaga yatsa, na ce ta maimaita.

Mace mai jika, a gaban mata biyu da ta kawo don su ga yadda ake girmama ta a wannan gida. Ɗaya daga cikinsu ta rufe baki da gefen zane, dariya ta kuɓuce mata. Madam ta janye hannunta a hankali ta ɗora a cinya, ta ture ƙwaryar furar da ba ta gama sha ba. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai man kifi yana ɗiga a kan garwashi.

Iya ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga hannun da aka miƙa aka janye ba komai a ciki.

"Me kika ce mata?"

"Gyara mata na yi, Iya. Ba daidai ta faɗa ba."

"Wuƙa ta nema?"

"E."

"Kuma kin gane wuƙa take nema?"

Iya ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙafar nan mai ciwo, ta zare wuƙar daga ƙarƙashin hannuna, ta riƙe ta da hannu biyu, ta rusuna ta miƙa wa Madam. Ban taɓa ganin Iya ta rusuna wa kowa ba sai ranar. Sannan ta juyo gare ni, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Na ɗora ki nan ki kai mata maganata, sai kika kai mata taki. Tashi." Na tashi. Ta ɗauki ƙwaryar goro ta mayar kan kujerar. Sauran cinikin da yatsu aka yi shi, kamar da.

Ba ta doke ni ba, ba ta gaya wa babanmu ba. Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Mako biyu ya cika, Madam ba ta zo ba. Wani mako biyun aka ce an gan ta tana ɗaure kwanduna a wani gida a ɗaya unguwar. Kifin da Iya ta ware mata ya zauna har ya fara farfashewa, aka kai kasuwa aka sayar yadda aka samu. Iya takan zauna da hantsi tana kallon ƙofar zaure, in ta ji mota ta tsaya sai ta gyara ɗankwali. Ba kifin ne yake damunta ba, kowa a gidan ya sani.

'Yar baffana ce ta gyara. Ba wanda ya aike ta. Ranar da ta ji Madam tana gari ta yafa mayafi ta tafi tasha, ta same ta zaune a kan buhu tana jiran lodi, ta durƙusa a gabanta. Da la'asar sai ga su sun shigo tare, Madam tana gaba tana ƙwala wa Iya kira. Matan nan biyu suka rungume juna, kowace tana magana da yarenta. Na ɓuya a ɗaki, amma Madam ta sa aka fito da ni, ta shafa kaina ta ba ni biro mai kala huɗu. Na kasa gane dalili, sai da na tsare 'yar baffana a bakin rijiya.

"Me kika gaya mata?"

"Na ce mata shekara biyu kina koyo don ki burge ta, ranar tsoro ne ya kama ki." Ta ci gaba da jan guga. "Ai gaskiya ne, ko ba haka ba?"

Gaskiya ne, kuma na yi shekaru ban yafe mata wannan gaskiyar ba. Ban sani ba ko ta gano batun saƙon direba. In ta gano, ba ta taɓa tayar da maganar ba, wannan ma wani abin haushin ne.

Hanya ta raba mu yadda kowa ya zata. Na wuce kwaleji, na wuce jami'a, na dawo gida da takarda na kama koyarwa. Ita daga sakandare ta tsaya, ta yi aure a unguwar, ta karɓi murhun Iya lokacin da idon Iya ya daina gani. Da albashina na farko na saya wa Iya atamfa. Ta shafa ta da tafin hannu, ta sa mini albarka har da hawaye, ta ce malamarmu. Na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba. Amma ina zaune ta ɗaga kai ta ce, "Ina bakina? Ta zo ta ga abin arziki."

Da Iya ta rasu Madam ta zo ta'aziyya, ta tsufa, tana dogara sanda, 'yarta ta cikinta tana riƙe da ita. Ta zauna a tsakar gida ita da 'yar baffana suna kuka, suna tuna Iya da wannan Turancin nasu. Ina gefe da carbi a hannu. Na ji kuskure ya fi ashirin, na kasa hana kunnena. Kuma a duk zaman makokin ban ji wanda ya faɗi wace ce Iya kamar yadda su biyun suka faɗa ba. Wajen rabon 'yan kayanta ba wanda ya tambayi wa za a ba kujerar. Ni tasoshi aka ba ni da bargo.

Yanzu abubuwa sun sauya. Kogin ba ya cika yadda muka san shi, in kuma ya cika sai ya yi ɓarna. Ciyawar kacalla ta cinye wuraren da masunta suke jefa koma, tarwaɗar da ake bandawa da yawanta ta kiwo ce. 'Yan kasuwar Kudu ba sa kwana a hanya su zo su sha fura, waya suke bugowa a ɗora musu kwali a mota. 'Yar baffana tana da murhu takwas da matan da suke taya ta, wayarta biyu, kuma in ka wuce ta ƙofar gidanta za ka jiyo ta tana zuba Turancin nan, ko gyara ɗaya ba ta yi masa ba tun na bariki. Kafin ta faɗi farashi sai ta tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ɗalibaina suna cin jarrabawa, ba ƙarya, amma in na shiga aji na ce wa za ta yi magana, sai kowace ta sunkuyar da kai tana duba farcenta.

Ranar da kwalin nan ya iso, babbar 'yata tana shirin intabiyu na shiga makarantar koyon jinya, inda za a yi mata tambayoyi da Turanci. Ina kicin ina cire wa kifi ƙaya, sai na jiyo muryarta daga bayan ɗaki tana Turanci a waya, tana dariya, ba gargada. Ban taɓa jin ta yi jimla uku a jere a gabana ba. Na matsa kusa da taga. Da innarta take yi, 'yar baffana. Ita ce take jefo tambayoyin da Turancinta na bariki, yarinyar tana amsawa. Tsohon ciwon nan ya taso mini daidai inda yake tun ina jikin ginshiƙi.

Da ta shigo na ce, "Ga ni a gida, shekara ashirin ina koyar da abin nan, sai ki tsallake ni ki tafi wajen mai kifi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. "Umma, don Allah kada ki yi fushi. Inna in ina magana ni take saurare. Ke kuwa jira kike in yi kuskure."

Na koma kan kifina, ƙaya ta soke ni a yatsa, abin da rabona da shi tun ina yarinya.

Washegari da safe na bar jakata a ɗaki da jan biron a ciki, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ce ta zo ta faɗa mini abin da za ta gaya musu, ba zan ce uffan ba, na yi alkawari. Ta zauna. Ta buɗe baki, ta dubi fuskata, ta rufe. Ta sake buɗewa. Na ga leɓenta yana motsi ba sauti, tana duba jimlar gaba da baya, kamar wata yarinya da na sani a jikin ginshiƙin rumfa.

"Umma," in ji ta a hankali, "bari dai in kira Inna."

Na ce to. Katin wayarta ya ƙare, sai na miƙa mata tawa, da hannu biyu.